Zagayen Ruwan Farko na Yaya Sahabi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sahabi magini, Allah ya jiƙansa. Da shebur biyu da jaki ɗaya ya fara a Tambuwal. Yau kamfanin kwangilar da ya bari yana shirin shiga kasuwar hannun jari, mutanen da ba su taɓa taka ƙasarmu ba za su sayi rabo a ciki. Ni dai har yanzu kamar mafarki nake jin abin.

Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, Yaya kan goya ni a babur mu bi hanyar Kebbe, muna tsayawa a kowane kwalbatin da ya gina. Ya naɗe wando ya shiga ciki, ya kwashe yashi da kara, ya shafa bango. In ya ga tsaga, washegari a liƙe, ba wanda ya sa shi. Ni kuwa ina gefe ina mita, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana sa ni gyangyaɗi. Bayan rasuwarsa ma'aikata suka ci gaba da zagayen.

Kwanan baya ɗansa Nasiru, mai riƙe da kamfanin, ya kawo mini tambayoyin masu son zuba jari. Ɗaya ta tsaya masa a rai: yaushe za a daina gyaran aikin da aka riga aka miƙa? Ya ce in bai yi alkawarin dainawa ba, manyan cikinsu za su janye.

"Baffa, da shina raye, mi zai ce musu?"

Wallahi ban sani ba. Yaya ba mai dogon bayani ba ne, ina jin babur kawai zai nuna musu. Sai na ce mu je.

Kusa da Kebbe muka haɗu da wata tsohuwa mai tallan nono a bakin wani kwalbati. Ta ce ita sai ta ga mutanen Alhaji sun shiga sun fito take barin jikokinta su ƙetare. Ta tambaya ko tsufa ne ya hana shi zuwa da kansa, ta ce mu gaishe shi.

Nasiru ya dubi ruwan, ya ce, "Zai ji, Inna."

Washegari ya aika da amsa cewa ba za a daina ba, wasu kuwa suka janye. Ban san ko jarin zai taru ba, kuma ina jin tsoro. Amma a hanyar Kebbe akwai wadda har yau ba ta san Yaya ya rasu ba, don aikinsa bai taɓa fashin zuwa ba.