Bokiti Biyu Kowace Safiya

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Sha'aban a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad, ni ina ɗinki a Batha, shi yana tuƙi. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, kuma in ka sake masa fuska zai kai ka Yawuri sau goma kafin shayinka ya huce. Tun yana ɗan shekara sha biyar yake riƙe filafili a tseren kwale-kwale na Rigata. Da kifi ya ja baya, iyali kuma suka ƙaru, sai ya bar wa matarsa Azumi yara huɗu ya taho Riyad, garin da ko kududdufi sai an yi sa'a. Na sha tsokanarsa da cewa kifi ne a kan kwalta.

Kamfanin da ke kafil ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya haɗa shi da wani injiniyan ruwa ɗan ƙasar Holan, Mista Hendrik. Dogo ne, gwiwarsa ɗaya ta lalace, shekarunsa sun doshi sittin. Tun yana saurayi yake shiga gasar ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, mutum ɗaya a jirgi. Ya yi tsere a Ostireliya, ya yi a Brazil da Sifen, sau biyu yana zuwa na biyu a duniya, na ɗaya kuwa bai taɓa ba. A bara aka shirya gasar tsofaffin hannu a tekun Jidda, ya ce ita ce ta ƙarshe gare shi. Ya sa aka kawo masa jirginsa daga gida wata biyu kafin lokaci, aka ajiye a tsakar gida a kan tirela.

Ranar da Sha'aban ya ga jirgin bai iya cin abinci ba don murna. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. A Yawuri ba a barin jirgi a bushe cikin rana. Katako ne, in ya bushe sai ya tsage, don haka duk wanda ya san ciwon jirginsa yakan bar masa ruwa a ciki. To ga jirgi a zafin Riyad, zafin da ke narka takalmi. Bai tambayi kowa ba. Kullum da safe, kafin maigida ya fito, sai ya kwara masa bokiti biyu, da yamma ya kwashe abin da ya rage. Har alfahari yake yi mini a ɗaki. Ni da ban san jirgi ba sai a hoto, na ce Allah ya yi albarka.

Ashe jirgin ba katako ba ne. Wata irin roba ce mai tauri, bango biyu, da soso a tsakani. Akwai wata 'yar tsaga a ƙasa da ido ba ya gani, ta nan soson ya yi ta sha har kwana hamsin.

Saura kwana shida tafiya, Hendrik ya rataye jirgin a sikeli. Ya duba, ya sauke, ya sake ratayewa. Kilo tara ya ƙaru. A tseren da ake cin mutum da tazarar taku ɗaya, wannan kamar ka goya buhu ne ka shiga gudu. Ya huda ƙasan da ɗan ƙusa, ruwa ya tsiyayo.

Sai idonsa ya faɗa kan tiyon ban ruwa. Mai kula da shukokin gidan wani dattijo ne daga Maraɗi, Baba Issoufou, wanda ko gardama bai iya ba.

"Kai ne kake fesa wa jirgina ruwa?" in ji Hendrik, cikin gurɓataccen Larabcinsa.

"Wallahi mudir, ban taɓa ba," in ji tsohon, don haka ake kiran maigida a nan.

"Halas, magana ta ƙare. Gobe zan kira ofis."

Kowa a nan ya san ma'anar kiran ofis: huruj, a sa ka a jirgi sai gida. Sha'aban yana tsaye da tsumman goge mota, ya juya ya ci gaba da gogewa. Iƙamarsa, takardar izinin zama, saura mako uku ta ƙare, kamfani yana rage direbobi, ba kuma za a sabunta wa kowa ba sai maigidansa ya rubuta cewa yana bukatarsa.

Da ya dawo bayan la'asar ya gaya mini, ba zan ɓoye ba, shawarar banza na ba shi. Na ce ya ja bakinsa ya yi shiru, ya tuna Azumi da yara. Ya dube ni, ya ce, "Jibrin, shi Baba Issoufou daga sama ya faɗo? Ba shi da kowa?" Na ji kunya har yau.

Washegari yana tuƙa Hendrik zuwa ofis, suna kan titin Murabba, ya gangara gefe ya tsaya.

"Mudir, ni ne. Bokiti biyu kullum."

Baturen ya juyo ya ce, "Don me?"

Sha'aban ya ba shi labarin jirgin babansa. Wata shekara aka bar masa shi ya kula, ya tafi biki ƙauye kwana takwas, ya dawo ya tarar ya tsage tun daga kai har gindi, saura kwana biyu Rigata. Baban bai zage shi ba, amma bai sake shiga tsere ba har ya rasu.

"Tun ranar ban iya ganin jirgi a bushe," ya ce.

"Issoufou zai zauna," in ji Hendrik. "Kai kuma sai mun dawo daga Jidda. Yalla, ja mota."

Suka huda jirgin wuri shida, suka kife shi a tsakiyar rana, abin da Sha'aban ya fi tsoro a duniya. Shi aka sa yana juya shi. Ranar farko kilo uku ya fita, ta biyu kilo biyu, daga nan ya dinga ɗiga kamar mai rowa. Ranar tafiya suka toshe hudojin da sauran kilo biyu a ciki. Suka yi tafiyar yini guda cur zuwa Jidda, maganar da ta haɗa su ba ta wuce ta mai da salla ba.

Kwana uku ana tsere. Sha'aban yana bakin teku, bai san dokokin ba, amma ya san jirgi mai nauyi in ya gan shi. Da iska ta yi ƙarfi Hendrik yana gaba-gaba, da ta lafa sai ka ga jirgin yana jan jiki. A zagayen ƙarshe iskar ta lafa. Yana na uku har dab da layi, wani ɗan Italiya ya zo ya wuce shi da abin da bai kai tsawon jirgi ba. Na huɗu ba ya samun komai.

Sha'aban ya shiga ruwa har gwiwa ya kama igiyar, ya kasa ɗaga kai. Hendrik ya sauko yana ɗingishi, ya dafa kafaɗarsa don kada ya faɗi.

"Shekara arba'in duk lokacin da na sha kaye ina neman wanda zan ɗora wa laifi," ya ce. "Yau na samu, kuma ba na so."

Suka dawo Riyad. Saura kwana huɗu iƙamar ta mutu, muna cin shinkafar kabsa a ɗaki, saƙo ya shigo wayar Sha'aban cewa an sabunta. Ya karanta sau uku, ya ajiye cokali, ya fita waje. Ban bi shi ba.

Hendrik bai sake tsere ba, jirgin yana nan a tsakar gidan a ƙarƙashin rumfa. Baba Issoufou ya gaya mini in Sha'aban zai wuce ta wurin, hannuwansa a baya yake riƙe su. Amma kullum da safe akwai 'yar roba cike da ruwa a ƙasan tirelar, inda ba ta taɓa jirgin, kuma tsohon ya ce ba shi yake ajiye ta ba. Sha'aban dai bai daina sammako ba.