Ƙwayoyin Ciwon Baya da Suka Huda Mini Tumbi

Assalamu alaikum. Tun damina ba ku ji ni a nan ba. Tsofaffin ɗalibaina sun yi ta turo saƙo, ban iya amsawa ba. Jinya na yi.

Da yawanmu muna zaton ƙwayar maganin ciwo tana zuwa daidai inda ke ciwo ta tsaya nan. Ba haka ba ne, kuma saura kaɗan wannan zato ya kai ni kushewa.

Da aka rufe lakwal, wato makaranta, na koma gonarmu ta gero a bayan Filinge. Noma ya tayar mini da ciwon baya. Lokacin an rufe iyakoki bayan juyin mulki, magani ya yi tsada, sai na koma wajen masu tebur ran kasuwa. Kun san yadda muke saye, da launi: "Ba ni ja ta baya, da rawaya ta gwiwa." Nakan haɗiye su tare, in kora da shayi, in tafi gona ba komai a ciki.

Da farko zafi ne a ƙasan ƙirji. Sai bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. Wata safiya na yi aman jini a bakin ƙofa, na faɗi.

Matata Hadiza tana cewa, "Malam, kada ka rufe ido. Dube ni."

A asibitin Filinge aka sa mini ƙarin ruwa, aka auna jini, ya yi ƙasa ƙwarai. Yayana ya ba da nasa, ya ce, "Jinin manomi ne, kada ka zubar kamar naka." Aka wuce da ni Yamai, aka zura mini tiyo mai kyamara ta maƙogwaro. Gyambo ne a tumbi, yana zubar da jini. Awo da magani sun cinye tumakinmu.

Lokotoro, wato likitan, ya ce, "Malam, ja da rawayar nan dangi ɗaya ne. Ninki kake sha."

Ɗalibaina, ku saurara da kyau. A jikinmu akwai wani sinadari, anzim, da ake kira COX. Yana ɗaukar wani irin kitse daga fatar ƙwayoyin halitta, ya haɗa shi da iskar oksijin, ya mai da shi ɗan saƙo, furostagilandin. Wannan ɗan saƙo shi ke ƙara zafi da kumburi a bayan da ya gaji. Shi ne kuma ke sa tumbi ya shafe kansa da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin narkar da abinci. Ibuprofen, diklofenak da asfirin, dangin ja da rawayar da nake sha, suna toshe anzim ɗin ko'ina a jiki. Baya ya yi shiru, tumbi ya zauna tsirara.

Dattijon da ke gadon kusa da nawa, daga wajen Damana, irin ciwona ne ya kawo shi. An makara da shi. Ina kallo aka lulluɓe shi.

Na gode wa Allah, da Hadiza, da Yaya, da ma'aikatan da suka tsaya kaina. Bayana na ciwo har yau, kuma an hana ni waɗannan ƙwayoyi har abada.

Kada ku sha su kwana da kwanaki ba da sanin likita ba. In bayan gida ya yi baƙi, ku tafi asibiti ran nan.

Yau ku ɗauko magungunan da iyayenku ke sha, ku juya bayan kowane kati, ku karanta musu sunan da ke jiki. In biyu suka fito daga cikin magunguna ukun nan da na ambata, ku riƙe su a hannunku, ku raka mai shan su asibiti.