Kusurwar Hagu, Bayan Tuta

Wata biyu bayan rasuwar maigidana, rediyonsa ya daina magana. Tsohon rediyo ne, eriyarsa ta daɗe da karyewa, Malam ya ɗaure ta da zaren wani carbinsa da ya tsinke. Na naɗe shi a mayafi na kai wa Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin, wanda shagonsa ke jingine da bangon gidanmu. Na ce in ba zai gyaru ba ya faɗa mini gaskiya. Washegari ya miƙo mini shi yana magana tar. Ya canja abubuwa a cikinsa, amma zaren nan bai taɓa shi ba, ko tashar bai gusar ba daga inda Malam ya bar ta. Ya ce har ya ɗauko sabuwar eriya, da ya ga ƙullin sai ya mayar da ita cikin durowa. Irin mutumin ke nan.

Akwai wata 'yar taga tsakanin kicin ɗina da bayan shagonsa, Malam ne ya fasa ta don hayaƙi ya riƙa fita. Ta nan nake jin ƙaurin dalmar da yake liƙi da ita, ta nan kuma na san rabin rayuwarsa ba tare da na nema ba. Mutum ne siriri, marar yawan magana, kullum da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya. Matarsa ta rasu ta bar masa ɗa guda, wanda kowa ke kira Auta duk da ba shi da yaya. Ni na yi wa yaron nan wanka, ni na riƙe shi ranar da ya faɗo daga kan katangarmu ya karya ƙashin kafaɗa, ya tsaga girarsa ta dama. Ɗorin bai zauna daidai ba, sai ya girma kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka.

Da Auta ya zama saurayi ya bi abokai ya tafi Jamus ba tare da sallama ba. Bayan wata bakwai ya kira. Ina kicin na ji komai. Injiniya bai ko tambaye shi lafiya ba, ya ce wanda ya fita bai yi sallama ba ba shi da uba a nan, kada ya sake kiran wannan lambar. Yaron kuwa ya ji maganar ubansa, wannan karon. Bai sake kira ba. Da Injiniya ya huce ya nemi lambar, ba ta shiga. Daga baya wani abokin Auta ya ce ya ji yana aikin gadi a filin ƙwallon wani ƙaramin gari ranakun wasa, amma shi ma ji ya yi.

A makon nan Injiniya ya hau rufin shago ya ɗaura dish mai kamo tashoshin waje.

Kafin wannan bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba. Sai ga shi duk Asabar da rana ya ture kayan gyara gefe, ya kunna babbar talabijin, ana kallon gasar Jamus. Maza suka gane, suka riƙa zuwa da bencinansu. Masu zama gaba kullum su ne Tela da Direba. Tela yana bayan manyan da ke ɗauke kofi kusan kowace shekara, Direba kuma yana bayan masu bi musu, yana cewa tasu ƙwallon ta talakawa ce, filinsu ya fi kowane cika. Musunsu ba ya ƙarewa. Tela ya ce kocin Direba ba koci ba ne, mai tsalle-tsalle ne a bakin layi. Direba ya ce su Tela ba sa renon ɗan wasa, jira suke wani ya rena su zo su ɗauke, kamar shaho. A kan abu guda kawai bakinsu ke haɗuwa, wato tsokanar Injiniya.

Domin shi kulob ɗin da ya zaɓa ƙarami ne, sunansa ma harshena ba ya iya juya shi, a shagon sai dai a ce kulob ɗin Injiniya. Kullum suna can ƙasan tebur. In suna wasa a gidansu, to ko manya ne ke karawa a wata tashar, wasansu za a kalla, wanda bai so ya ɗauki bencinsa. In kuwa a waje suke wasa, ko juyowa ba ya yi, sai ya ba talabijin baya ya ci gaba da liƙinsa. Tela ya ce bai taɓa ganin magoyin baya na rabin lokaci ba sai shi. Direba ya ce ai sana'arsa ce ta bi shi, duk abin da ya lalace shi yake ɗauka.

Ni ba kallon ƙwallo nake ba, amma ina ganin fuskokinsu ta taga in ina aiki. Sai na lura da wani abu. In ƙwallo ta tafi dama, duk kawunan sai su bi ta dama, ban da nasa. Shi idonsa yana gefen allo. In aka zura ƙwallo a raga kowa ya tashi, shi yana zaune. Amma da zarar an ce bugun kusurwa ne, sai ya miƙe, ya sauya tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, har Direba ya ce Injiniya ka kauce, kanka ba madubi ba ne.

Wata Asabar bayan sun watse, ya tsaya a tagar yana goge tabarau. Ya ce, "Matar Malam, kina tuna tsayuwar Auta?"

Na ce ko a cikin dubu zan gane ta.

Ya gaya mini cewa a bakin filin akwai masu gadi da riga mai ruwan ɗorawa, aikinsu su ba wa wasa baya su fuskanci 'yan kallo. A kusurwar hagu, bayan tuta, akwai wani baƙin mutum a cikinsu wanda kafaɗarsa ta hagu ta sauka. Shekara biyu ke nan yana kallon bayan mutumin nan, sau ɗaya a mako biyu, na ɗan ƙiftawar ido, in an yi sa'a kulob ɗin ko abokan karawarsu sun sami kusurwa ta wannan ɓangaren. Bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani, yanzu launi kawai yake gani sosai. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, don in ba shi ba ne, ba zai iya ɗaukar dariyarsu ba, in kuma shi ne, ba zai iya ɗaukar tausayinsu ba.

Daga ranar, duk wasansu na gida sai ya karkato talabijin kaɗan zuwa tagata, ya ce wa mutanen hasken ƙofa ne ke damunsa. Na ga bayan mutumin sau huɗu. Kafaɗar tana nan yadda ya faɗa. Amma masu karkatacciyar kafaɗa suna da yawa a duniya, kuma ba zan ce na tabbata ba alhali ban tabbata ba. Duk sanda ya dubo ni, sai in ce Allah ne masani. Sai ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa.

A wannan shekarar abin ya yi wa kulob ɗin tsanani. Suka kori kocinsu tsoho mai hula, suka kawo wani yaro da Tela ya ce ko gemu bai gama haɗawa ba. Lamba taransu, wanda shi kaɗai ke cin ƙwallo, ya ji rauni a gwiwa. Ina jin Direba yana bayani wata rana cewa biyun ƙarshe a tebur faɗawa suke rukuni na biyu kai tsaye, na ukunsu ne kawai ake ba wa damar ƙarin wasa ya ceci kansa. Injiniya ya tambaya a hankali ko ana nuna rukuni na biyu a tashar nan. Direba ya yi dariya ya ce wa zai ɓata wuta a kansu, ko a wace tasha ta dish ɗinka ba za ka same su ba.

Na ji ƙarar ƙarfen liƙinsa ya faɗi ƙasa.

Daga nan ya canja. Mutumin da ba ya ɓata aiki ya mayar wa wata mata fanka tana juyawa baya. Ya koyi lissafin maki har ya fi Tela, yana rubuta shi a bayan kwalin batir, in suka ci wannan, in waɗancan suka yi kunnen doki. Abinci sai in miƙa masa ta taga ya dawo da rabi. Ni kaina sai na kama kaina bayan sallar asuba, na gama roƙa wa Malam gafara, ina roƙon Allah Ya warkar da gwiwar wani Bature mai lamba tara da ban san sunansa ba. Na ji kunyar abin da farko. Daga baya na ce ai Shi Ya san abin da nake nufi.

Ranar ƙarshe ta gasa duk wasannin lokaci guda ake buga su. Kulob ɗin Injiniya suna na biyu daga ƙasa, a gida, kuma dole su ci kafin su sami ko da damar ƙarin wasan nan. A wata tashar kuma su Tela da su Direba ne ke neman kofi, maki ɗaya tsakaninsu. Shagon ya cika har waje. Da suka ga abin da Injiniya ya kunna, aka fara gunaguni. Tela ya ce yau dai don Allah a bar wa masu rai talabijin, a daina zaman makoki. Injiniya ya sa rimot a aljihun rigarsa ya ce shagonsa ne. Yawancinsu suka kwashe benci suka tafi wani wuri. Tela da Direba suka kai bakin ƙofa, suka dubi juna, suka dubi Injiniya zaune shi kaɗai gaban talabijin, suka dawo suka zauna. Direba ya ce zai bi nasu wasan a waya, dama zuciyarsa ba za ta ɗauki kallo ba.

Kafin hutun rabin lokaci aka zura wa kulob ɗin Injiniya ɗaya. Muka yi la'asar, su a gaban shago, ni a ɗaki, ban san me na karanta ba, Allah Ya yafe mini. Da aka dawo suka rama, har Tela ya manta kansa ya tashi yana cewa yaron nan koci ne, a ba shi lokaci. Kusurwa uku suka samu, duk ta dama. Saura minti biyar golansu ya fito ya kasa kama ƙwallo, aka sake zura musu. Alƙali ya hura tashi.

'Yan kallo suka fara turo shinge, wasu suna kuka, wasu suna zagi. Masu gadi suka taru suka riƙe hannun juna a gabansu, kyamara ta bi layinsu a hankali, kusa sosai. Wani ɗan wasa ya durƙushe a bayansu, sai na kusurwar hagu ya waiwayo ya dube shi. Fuskarsa ta cika allo. Ban kai ga ƙirga uku ba aka ɗauke.

Injiniya yana tsaye da tabarau biyu a hannu, bai sa ko ɗaya ba. Bai juyo ba ya ce, "Matar Malam?"

Na ce, "Shi ne. Ga tsagar girar nan."

"Kin tabbata?"

"Da ban tabbata ba da ban faɗa ba, ka san ni."

Can ya ce, "Ya rame?"

Na ce, "Ina fa. Ya yi ƙiba, har da gemu. Ya fi ka kyau."

Ya zauna a kan wata matacciyar talabijin ya rufe fuska da hular kansa. Tela ya dubi taga, ya dubi allo, ya ce wai wane ne shi ɗin. Direba ne ya fara ganewa, don shi ya kai Auta tasha ranar da ya tafi, bai san gudu yake ba. Ya kashe wayarsa, alhali a lokacin nasu wasan bai ƙare ba. Tela ya ce shekara biyu kana barin mu muna yi maka iskanci, ai da ka yi magana. Injiniya ya ce ta cikin hula, da ya yi magana da sun daina, shi kuwa surutunsu ne ke hana shi jin bugun zuciyarsa.

A makon nan Tela da Direba suka sami wanda ya iya Turanci, aka rubuta wa kulob ɗin saƙo cewa akwai wani uba da ke neman ɗansa mai gadi a kusurwar hagu, yana cewa lambar tana nan ba a canja ba, ya kira. Wata biyar ke nan yau, ba amsa. Ba mu san ko saƙon ya kai gare shi ba, ko ya kai ya yi shiru. Duk wayar da ta yi ƙara a shagon, ina jin yadda kujerarsa ke motsawa. Direba yana duba masa sakamakon rukuni na biyu a waya duk mako, yanzu suna na biyar, Tela ya ce da ɗan gyara a baya za su iya dawowa. Idon kuwa kullum ƙara rufewa yake, an ce sai yanar ta nuna kafin a yi aiki, shi kuma yana tsoron aikin.

Ranar da suka faɗa rukuni na biyun, bayan kowa ya tafi, ya zo ya tsaya a taga kamar yadda ya saba. Ya ce, "Matar Malam, in Allah Ya sa suka dawo, ya zamana idona ya riga ya tafi, zan kunna talabijin in karkato miki ita. Ki riƙa duba mini shi. Kusurwar hagu, bayan tuta. Ko bayansa ne kawai, ki ce mini yana nan."