Ganyen Likita a Guangzhou

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar filin jirgi na Kano, ni da abokin kasuwancina. Jakunkunan mata za mu saro a Shiling, garin masu jakunkuna kusa da Guangzhou, amma akwai saƙon kawuna a kaina. Shi ke kula da lambun gidan wani likita. Likitan ya taho da wata shuka mai faffaɗan ganye daga Ingila, ya koma, ta mutu a hannun Kawu. Bayan Sallah zai dawo, Kawu kuwa ya gama saddaƙarwa aikinsa ya tafi.

Masu lambun Kano kowace shuka sunan mai ita suke laƙaba mata. Na tambayi sunanta, Kawu ya ce, "Ganyen Likita mana!" Ko hoto babu.

A Guangzhou mun tarar an tsaurara biza saboda wasannin Olamfik, Xiaobei, unguwar 'yan Afirka, ta yi shiru, tuwon gidan abincin 'yan Nijar ma ya ƙara kuɗi. Da muka gama da Shiling na fassara wa tafintanmu sunan. Ya kai mu kasuwar magungunan gargajiya. Wayyo! Aka duba harshena, aka taɓa jijiyata, aka ɗaura mini busassun saiwoyi. Na ce shukawa zan yi, mai shagon ya ce, "Meyo," wato babu.

Washegari muka je kasuwar furanni ta Fangcun. Na kwatanta ganyen da tafin hannu. Wani ya kawo gwaza, abin da muke dafawa a ƙauye. Can cikin inuwa na hango mai kama da ita a rumfar wata dattijuwa. Ta faɗi suna, maƙwabcinta ya ce ba haka ba, suka kaure da musu kamar za su daku. Ashe halin masu lambu ɗaya ne ko'ina. Na biya, na naɗe saiwar a jiƙaƙƙiyar jarida.

Da na dawo, Kawu ya juya ganyen ya ce ta Likita gefen ganyenta fari ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ya dasa.

Likita ya dawo, ya tsaya a kan shukar ya yi dariya, ya dubi Kawu. "Malam, ai waccan da ta mutu hosta ce, sai ƙasar sanyi. Na san ba za ta kai labari ba. Wannan kuma daga ina?"

Kawu na nan a bakin aikinsa. Ni dai na koyi tambayar mai abu sunan abinsa kafin in sayi tikiti. Sabuwar ma ta bushe kafin Babbar Sallah, amma sai da Kawu ya raɗa mata sunana.