Ƙwaya Huɗu a Bakin Zane

Asabar ɗin farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, muna tsakiyar wasan ampe, na tsalle da tafi, ni da 'ya'yan masu haya, sai ga wata nas 'yar Asante ta yi sallama a gidanmu na Zango, da jakarta a kafaɗa. Gidan ɗaki goma sha biyu ne, famfo ɗaya, kuma ranar ko'ina ƙamshin soyen naman layya yake. Aka jawo mata benci, mata suka tsame hannu daga wanki. Ta ce ta zo ne a yi magana kan gishiri da mai da sukari. A gidan da mai ke tafasa a kasko uku! Aka yi ta dariya, ita ma ta dara. Ta bi kowa ta auna jininsa. Da ta zo kan Baba sai ta tambaye shi ko ƙishirwa na damunsa, ko yana yawan fita fitsari. Ta ce lallai ya je asibiti ran Litinin. Ya je yana gunaguni, ya dawo da suna: ciwon suga.

Baba falken goro ne, tun yana saurayi ya baro Maraɗi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Shayinsa na bayan La'asar kuwa ƙwayar sukari huɗu ne da madara, ko rani ko damina. Mma, mahaifiyata, ta riƙe maganar nas da hannu biyu. Ta rage gishirin miya har masu haya suka daina ɗanɗana mana, ta kulle sukarin gida a akwatin zannuwanta. Abu ɗaya ta manta: koko take sayarwa a ƙofar gida, kuma ni ce mai jefa wa masu saye sukari kafin in tafi sukul.

Kwana uku Baba ya sha shayi yana yamutsa fuska. Rana ta huɗu ya yafito ni, ya rage murya ya ce, "Uwata, a ina kika taɓa jin uwa ta bar ɗanta ya sha ɗaci?" Washegari na ƙulle ƙwaya huɗu a bakin zanena. Ladana labari ne: jirgin ruwan Yeji, rijiyoyin Salaga, yadda ya kwana kan huhun goro a hanyar Legas. Duk garin da na taka daga baya da fataucin atamfa, Lome ne, Abijan ne, Kano ce, a bakinsa na fara jin sunansa, ina kallon ƙwayoyin nan suna narkewa.

Nas ɗin ba ta gaji da mu ba, duk wata sai ta zo. Baba da ya hango farar rigarta sai nafila ta taso masa, ya shige masallaci. Ita kuwa takan ce, "Ciwon nan ba ya ihu, gara ce, ta ciki yake ci." Mma ta ce ai sukari ya ƙare a gidanta. Ni ina gefen benci, hannuna kan ƙullin zane.

Shekara biyu muna haka. Wata rana ƙusa ta soki Baba a ƙafa a shagonsa, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Gyambon ya ƙi warkewa. Aka cire yatsa, daga baya aka cire ƙafar. Ko a gadon asibiti sai da ya kanne mini ido ya ce, "Uwata, yau hannu rabbana kika zo?" Na yi dariya, na fita waje na yi kuka. Bai ga Sallar da ta biyo baya ba.

Sai da na yi aure na haihu kafin na iya faɗa wa Mma. Ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba. Ta ce, "Na sani. Duk sanda na ɗauki zanenki zan wanke, tururuwa nake tararwa a bakinsa. Kullum sai in ce gobe zan yi magana."

Yanzu har a masallaci ake auna mutane, rediyo ma da Hausa yake bayani, kuma babu mai dariya sosai, don kowane gida ya yi rashinsa. Ni shayina ba ko ƙwaya ɗaya, abokan tafiya har tsokanata suke. Jikana mai sunan Baba kan rungume ƙafata yana roƙon lemon kwalba, in shafa kansa in ce, "A'a, Babana." Kalmar ba ta da nauyi ko kaɗan, ni ce dai na koye ta a makare.