Fiton Giɓin Maigari

Ni dai tun ina gyaran rediyo a kasuwar Madawa nake da tsoron ƙona lasifika. Guda ɗaya gare ni, irin mai bakin kakaki, kuma tantanin cikinta ya taɓa tsagewa na liƙe shi da gam. Saboda haka da wasu makaɗan jita suka kwana biyu a garin, motarsu ta lalace, na sayi wani ɗan akwatin ƙarfe a hannunsu, kwamfaresa. Aikinsa shi ne idan murya ta yi tsalle ya danne ta kafin ta isa ga amfili, wato injin ƙara sauti, idan ta yi ƙasa kuma a samu damar ɗaga ta. Buton biyu, wato 'yan maɓallan murɗawa, su ne na gane a jikinsa: ɗaya na yawan dannewa, ɗaya na saurin cafkewa. Ban taɓa gwada shi a babban taro ba sai ranar da aka kira ni garinmu, can wajen Ibohamane.

Kaka ce, 'yan shekaru bayan babban fari. Shanu sun shiga gonakin dawa kafin a kwashe, manoma sun sassari shanu biyu, an fasa wa wani makiyayi kai. Maigari ya ce kowa ya hallara gindin gawo bayan azahar. A al'ada maigari ba ya ɗaga murya. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, sanƙira ya maimaita da ƙarfi. Amma makiyaya suka aiko cewa a bara sanƙira ya ƙara gishiri a hukunci, bana daga bakin maigari suke so su ji, in ba haka ba kowa tasa ta fisshe shi. Shi ya sa aka aika a zo da ni da kayana.

Abin da ya dame ni tun a hanya shi ne taron nan gidana ne gaba da baya. Dangin ubana manoma ne, ƙanen mahaifina ma gonarsa ce aka fi ci. Dangin uwata kuwa makiyaya ne, kuma kawuna, yayanta, shi ne mai magana da bakinsu. Duk wanda ya faɗi a wurin, ni za a yi wa ta'aziyya.

Na ɗaure lasifika a reshen gawo, na jona batirin mota. Manoma suka zauna gaba, ko wane da gatari ko sanda a gefen ƙafarsa. Makiyaya suka ƙi zama, suka tsaya can baya da rawunansu da takubba, inda ba a hango bakin mai magana. Maigari tsoho ne tukuf, murya kamar ta mai jinya, sai dai yana da wani tari mai fitowa ba sallama. Tun ina gwada mikiro, abin maganar, ya sako tarin sau ɗaya, lasifikar ta yi ƙara kamar an tsaga ƙwarya. Nan take na murɗe buton biyun har ƙarshe. Na ce a raina ko ganga aka buga yau ba abin da zai ƙone.

Maigari ya yi bisimilla ya fara. Lasifika dai ta tsira, amma abin da ke fita daga bakinta ba muryar mutum ba ce, sai ka ce wani ne ya tura kai cikin tulu yana magana. Kaifin kalmomi duk ya tafi. Da zarar ya tsaya shan numfashi, akwatin ya saki, sai gunagunin jama'a da kukan awaki su taso su cika wurin, in ya ci gaba su nutse. Ina ji, na san ba daidai ba ne, amma tsoro ya riƙe mini hannu.

Sai na ji muryar kawuna daga baya, ba ya bukatar mikiro.

"Wanga ba maigari na ba! Mun san muryatai. Wa kunka ɓoye bayan icce shina yi muna magana?"

Ƙanen mahaifina ya miƙe tsaye, ya juya.

"Maƙaryata kaka ce muna ke nan?"

Manoma suka tashi kusan gaba ɗaya. Na ga ƙanen mahaifin nawa ya ratsa mutane yana nufar baya da gatarinsa a kafaɗa. Wallahi har na duba ta inda zan gudu in bar kayan. Maigari bai ma san abin da ake ciki ba, kunnensa ya yi nauyi, yana ta magana cikin tulunsa.

Can na tuna abin da babban makaɗan nan ya faɗa mini ranar ciniki, wanda na ɗauka surutu ne. Ya ce kar in shaƙe murya, in bar kan kalma ya wuce tukuna akwatin ya cafke, don hasken magana a kanta yake. Na kai hannu, gumi ya sa buton yana zame mini. Na mayar da dannewa baya fiye da rabi, na sassauta saurin cafkewa, na rage amfili kaɗan, na tura mikiro dab da gemun maigari. Na ce lasifika in za ta ƙone ta ƙone.

Maigari yana da giɓi a gaba, duk kalmar da ke da "sa" ko "su" sai ta fito da ɗan fito siriri. Yaran gari ma da shi suke kwaikwayonsa a ɓoye. Fiton nan ne abin da akwatina ya haɗiye. Yana cewa "shanun da anka sassara, a biya su, dawar da anka ci, a auna ta," sai ga fiton nan ya tashi daga kan gawo, tas, har bayan fili. Ya yi tari, akwatin ya tare shi da ƙyar, lasifika ta girgiza amma ta riƙe.

Wani tsoho a cikin makiyaya ya yi dariya ya ce, "Shi na hwa. Ku jiya giɓin." Aka soma zama ɗaya bayan ɗaya. Ni kam ban iya zama ba, durƙushe na yi gaban amfili har aka shafa fatiha, yatsana bai bar kan buton ba.

Ina naɗe waya kawuna ya zo ya tsaya a kaina. Na gaishe shi, shi kuwa kallon akwatin yake yi.

"Ɗana, kai na ka canza muryar da farko?"

"Ni na, Kawu. Tsoron ƙona lasifika ni kai."

"Nawa aka saida ta?"

Na ci gaba da naɗe wayata. Ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna mini takobinsa. Bai koma kube duka ba, wajen faɗin tafin hannu yana waje, ƙarfen yana ƙyalli.

"Ƙanen ubanka taku ukku ya rage tsakaninmu," in ji shi. Ya sa tafin hannu ya tura takobin ciki, ya juya wajen shanunsa.