Tsohon da Na Yi Jinya a Ruwais

A shekarata ta huɗu a Jidda, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, wata maƙwabciyata a unguwar Waziriyya ta samo mini aikin jinyar wani tsoho a unguwar Ruwais. Mutumin Sham ne, ya kusa casa'in. Ɗansa ya ɗauko shi lokacin da yaƙi ya ci garinsu. Ni ke ba shi abinci, in juya shi a gado, in wanke abin da ya ɓata.

Ranar da hankalinsa ke jikinsa yakan yi hira. Larabcina na kasuwa ne, sai in tsinci abin da na iya. A haka na haɗa labarin mahaifinsa, wani manomi a bakin teku. Wata shekara garmarsa ta ci karo da faffaɗan dutse. Da aka ɗaga, sai ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da tukwane da ƙasusuwan mutanen da. Labari ya kai ga Turawan da ke mulkin ƙasar. Suka zo da turaku da igiya suka kewaye gonar, suka ɗauki mai ita lebura, yana kwasar ƙasa a kwando daga inda alkamarsa ke tsirowa.

Kowace yamma ana jera leburorin a lalube su. Wata rana aka sami guntun yumɓu mai rubutu a kuncin uban. Ya ce ai gonarsa ce. Aka mare shi a gaban iyalinsa, har da wannan tsohon yana yaro, aka kore shi. Bai ƙara noma ba har ya bar duniya.

Bayan azumi hankalin tsohon ya gushe. Ya daina haɗiye abinci, sai ya tara a kunci. Likita ya ce in riƙa cirewa, kada ya shaƙe shi. Ranar farko da na sa yatsa a bakinsa, ya buɗe tafukan hannunsa biyu.

“Wallahi ban ɗauki komai ba, ya sidi,” wato ranka ya daɗe.

Na ce, “Baba, ni ce. Shinkafa ce kawai.”

Bai gane ni ba. Hawaye ya bi ta kunnensa ya jiƙa matashi. Sau uku a rana nake yi masa haka, kusan wata huɗu, kuma kullum sai ya rantse. Na gwada kunu, na gwada yi masa waƙa, ba abin da ya sauya. Na roƙi ɗan ya karɓe ni ko sau ɗaya, ya ce zuciyarsa ba za ta iya ba.

Da hantsi ya rasu, ina goge masa ƙafa. Kafin la'asar maza sun kai shi. Ɗan ya dawo ya yi mini godiya, ya ce halas, wato aiki ya ƙare, in haɗa kayana kafin 'yan gaisuwa su cika gidan, kada wani ya tambayi takarduna. Ina cikin mota a hanyar Waziriyya na tuna ko sunan ƙauyensu ban taɓa tambaya ba.